In ƙwaƙwalwa na da shinge, ta ina sanƙarau ke shiga, kuma wa ke kawo kumburin?

"Likita, barka da aiki. Ni malamin kimiyya ne a wata sakandare a jihar Zamfara. A littafin da muke koyarwa da shi an ce akwai shinge tsakanin jini da ƙwaƙwalwa, wanda ko sojojin jiki ba sa ƙetare shi. To a bazarar da ta wuce 'yar ƙanena ta kamu da sanƙarau. Ta tashi, alhamdu lillahi, amma kunnenta ɗaya ya daina ji. Likitan da ya duba ta ya ce kumburi ne ya yi ɓarnar. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, in garkuwar jiki ba ta shiga ƙwaƙwalwa, wa ya kawo kumburin? In kuma shingen na da ƙarfi haka, ta ina ƙwayar cutar ta bi?"

Malam, barka kadai, Allah ya ƙara wa yarinya lafiya. Tambayoyinka biyu ne, ta ina cutar ta shiga da kuma wa ya kawo kumburin, amma amsarsu a haɗe take. Littafinku bai yi ƙarya ba, a rabin hanya dai ya tsaya. Shinge na nan, sai dai ba ɗaya ba ne, kuma garkuwar jiki ba ta yi nisa da ƙwaƙwalwa ba, a bakin iyakarta take zaune dare da rana. Abin da ke faruwa a sanƙarau shi ne ƙwayar cuta ta samu kutsawa cikin wani ruwa da masu tsaro suka yi ƙaranci a cikinsa, ta hayayyafa son ranta, sannan agaji ya iso a makare, ya kuma iso da yawa fiye da kima, cikin ƙoƙon kai wanda ba ya buɗawa ko kaɗan.

Inda maganar littafin ta samo asali

A 1885 wani masani Bajamushe, Paul Ehrlich, ya yi wa dabbobi allurar rini a jijiya. Da ya feɗe su sai ya tarar hanta da ƙoda da sauran kayan ciki duk sun rine, ƙwaƙwalwa kuwa tana nan fara. A 1913 ɗalibinsa Edwin Goldmann ya juya gwajin, ya zuba rinin kai tsaye cikin ruwan da ke kewaye da ƙwaƙwalwa. A wannan karon ita ce ta rine, sauran jiki bai rine ba. Daga nan aka san akwai abin da ya raba tsakani. Ba a ga abin da ido ba sai a 1967, lokacin da Thomas Reese da Morris Karnovsky suka duba da madubin lantarki mai ƙara girman abu, suka ga ƙwayoyin halittar da suka shimfiɗe cikin ƙananan hanyoyin jinin ƙwaƙwalwa a ɗinke suke da juna tsam, babu 'yar kafar da ake samu a hanyoyin jinin tsoka ko hanji. Daga waje kuma wasu ƙwayoyin masu kamar tauraro, astrosait, sun rufe hanyar jinin da ƙafafunsu.

Saboda haka duk abin da zai shiga sai ya bi ta jikin ƙwayar halittar kanta. Iskar numfashi da barasa da abubuwa masu narkewa a mai suna wucewa. Sukari yana da ƙofarsa ta musamman. Akwai kuma famfunan da ke tofo wasu magunguna waje da zarar sun leƙo. Ka san Piriton na sa barci, loratadin kuwa ba kasafai ba, alhali aikinsu ɗaya ne a kan mura da ƙaiƙayi. Bambancin shi ne na farkon na ƙetare shingen cikin sauƙi, na biyun ana tare shi.

Maganar cewa garkuwar jiki ba ta shiga kuwa daga gwajin Peter Medawar na 1948 ta fi yaɗuwa. Ya dasa fatar wani zomo a cikin ƙwaƙwalwar wani, fatar ta zauna lafiya, alhali da a gadon baya aka dasa ta da jiki ya kashe ta cikin kwanaki. Wannan rabin aka riƙe. Ɗaya rabin, wanda littattafan makaranta suka bari, shi ne in zomon ya taɓa karɓar irin wannan fatar a jikinsa har garkuwarsa ta san ta, to ko a ƙwaƙwalwa aka dasa sai ta bi ta ta kashe. Ke nan tun a wancan lokacin an ga sojojin jiki na iya shiga. Abin da ke da wuya shi ne a fara yaƙin daga ciki.

Kuma akwai hikima a hakan. Ƙwayoyin jijiyar ƙwaƙwalwa da wutar lantarki suke aiki, suna bukatar gishirin da ke kewaye da su ya tsaya daidai. Yawancinsu in sun mutu ba sa sake tsirowa. Kumburin da yatsa zai jure ya warke, ƙwaƙwalwa ba za ta jure shi ba.

Masu tsaro a bakin iyaka

Tsakanin ƙoƙon kai da ƙwaƙwalwa akwai tantani hawa uku. Na waje mai kauri ne, manne da ƙashi. Na tsakiya siriri ne mai kamar yana. Na ciki kuma a lulluɓe yake da naman ƙwaƙwalwar. Tsakanin na tsakiya da na ciki ne ruwan ƙwaƙwalwa da laka ke gudana. A jikin babba wannan ruwa kimanin mililita 150 ne, amma ana samar da kusan 500 a kullum, wato yana sabuntawa kamar sau uku a yini. Wani curin ƙananan hanyoyin jini da ke cikin kogunan ƙwaƙwalwa ne ke tato shi daga jini. To shinge uku ke nan: na hanyoyin jinin cikin ƙwaƙwalwa, da na wannan curin mai tace ruwa, da na tantanin tsakiya.

Tantanin waje yana wajen shingen ne, kuma a nan gizo ke saƙa. Hanyoyin jininsa ba a ɗinke suke ba, kuma cike yake da fararen ƙwayoyin jini iri-iri. Ka ɗauke shi kamar zaure a gidan Bahaushe. Baƙo ba ya wucewa cikin gida, amma a zaure ake karɓar sallama, a nan ake jin abin da ke faruwa ciki, daga nan kuma ake aika yaro ya kira jama'a in ta ɓaci. Ruwan da ya wanko ƙwaƙwalwa yana fitowa da ɓurɓushin abin da ke cikinta, fararen ƙwayoyin da ke zaune kusa da manyan magudanan jinin tantanin suna bincika shi.

An daɗe ana koyar da cewa a cikin ƙoƙon kai babu magudanan limf, waɗannan siraran hanyoyin da ke kai saƙo ga kaluluwa. A 2015 ƙungiyoyi biyu, ta Jonathan Kipnis a Jami'ar Virginia ta Amurka da ta Kari Alitalo a Helsinki, suka nuna su ƙarara a tantanin wajen ɓeraye, suna gangarawa zuwa kaluluwar cikin wuya. Abin dariya, wani masanin Italiya, Paolo Mascagni, ya zana su tun 1787, aka yi biris da shi. A 2018 kuma aka gano wasu 'yan ƙananan hanyoyi da suka huda ƙoƙon kai daga ɓargonsa zuwa tantanin. Ma'ana ɓargon ƙashin kai na iya turo fararen ƙwayoyi kai tsaye, ba sai sun zagayo ta jini ba.

A can cikin naman ƙwaƙwalwa akwai mazauna na dindindin, maikrogiliya. Tun ɗan tayi na 'yan makonni suke shiga, kafin shingen ya rufe, suna kuma sabunta kansu a wurin har tsufa. Su ke share matattun ƙwayoyi, su ke rage mahaɗan jijiya da ba a amfani da su lokacin da yaro ke girma.

Idan ka ce duk wannan a ɓera aka gani, ga hujja a jikin mutum. Akwai magani mai suna natalizumab da ake ba masu wata cuta inda garkuwar jiki ke cin rigar jijiyoyin ƙwaƙwalwa. Aikinsa shi ne hana fararen ƙwayoyi manne wa bangon hanyar jini, don kada su ƙetara. Yana aiki sosai, amma a 2005 sai da aka janye shi na ɗan lokaci, domin wasu masu karɓarsa sun kamu da mummunar cutar ƙwaƙwalwa daga wani bairos da mutane da yawa ke ɗauke da shi ba tare da ya dame su ba. Da aka hana sintiri sai ya samu sarari. Mu a nan abin da muka fi gani shi ne mai cutar ƙanjamau da garkuwarsa ta yi ƙasa sosai, ya zo da ciwon kai na makonni, a gwada a tarar da sanƙarau na naman gwari, wanda da wuya ka gan shi a jikin mai cikakkiyar garkuwa.

Ko zazzaɓi ma hira ce ta kan shinge. Idan jiki na faɗa da cuta a ko'ina, sinadaran saƙo na yawo cikin jini. Ba sai sun shiga ƙwaƙwalwa ba. Bangon hanyar jinin ne ke jin su, ya samar da wani sinadari, firostagilandin, ya sake shi ta ciki, sashen da ke daidaita zafin jiki ya ɗaga ma'auni. Farasitamol da ibufurofen wannan saƙon suke ragewa. Kasala da rashin cin abinci da son kwanciya na marar lafiya duk ta irin wannan hanya suke zuwa.

Hanyar da sanƙarau ke bi

Ƙwayar da ke kawo annobar sanƙarau a ƙasashenmu, meningokokas, a bayan hanci da maƙogwaro take zama. A lokacin da babu annoba ma, kusan mutum ɗaya cikin goma ko ashirin na ɗauke da ita lafiya lau. Binciken da Brian Greenwood da abokan aikinsa suka yi a Zariya a shekarun 1970 ya nuna masu ɗauke da ita suna nan rani da damina, amma cutar sai an sha hunturu an shiga zafi take tashi, ta kuma faɗi da zarar ruwa ya sauka. Bayanin da ya fi karɓuwa shi ne busasshiyar iska da ƙura na raunata fatar cikin hanci, ƙwayar ta samu faɗawa cikin jini. Cunkoso a ɗakin kwana yana ƙara yaɗa ta daga mutum zuwa mutum.

A cikin jini tana sanye da wata riga ta sukari mai santsi da ke hana fararen ƙwayoyi kama ta. Wanda ke da antibodi na wannan rigar, wato sinadaran garkuwa da ke gane ta su manne mata, ko ta rigakafi ko ta haɗuwa da ita a baya, jininsa zai kashe ta nan take. Wanda ba shi da su, ƙwayar za ta yi yawa, ta kai ga ƙananan hanyoyin jinin kai, ta kafa wasu siraran gashi nata a bangonsu, ta yi dandazo. Daga nan take aika wa ƙwayoyin bangon saƙon da ke sa ɗinkin ya sassauta, ta zurara cikin ruwan ƙwaƙwalwa.

Wannan ruwa shi ne lagon. Antibodin da ke cikinsa bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na wanda ke jini ba. Sinadaran da ke huda jikin ƙwayar cuta su ma kusan babu. Fararen ƙwayoyi a lafiyayyen ruwa ba sa wuce biyar a cikin maikrolita ɗaya, wato kashi ɗaya cikin dubu na mililita. Ga sukari, ga ɗumi, ba mai hanawa. Cikin sa'o'i ƙwayar ta ninka kanta ba iyaka. Sai 'yan masu tsaron da ke tantanin su ji ɓurɓushin fatarta, su saki sinadaran kiran agaji. Bangon hanyoyin jini ya yi danƙo, nutrofil, wato fararen ƙwayoyin da ke fara isa fagen daga, su manne su kutsa dubu-dubu. Kumburin da likitan yarinyar ya faɗa ke nan. Garkuwar jikinta ce ta kawo shi, kuma da ba ta zo ba da cutar ta cinye ta. Sai dai makaman nutrofil ba sa bambance ƙwayar cuta da jijiya. Shinge ya yi ta yoyo, ruwa ya shiga naman ƙwaƙwalwa, mugunya ta toshe hanyar fitar ruwan, matsi ya hau, jinin da ke isa ya ragu. Sanƙarewar wuya kuwa tsokoki ne ke ƙin barin a ja kumburarren tantani.

Muna ganin wannan da ido duk lokacin da muka ɗebi ruwan baya, wato shi wannan ruwan ƙwaƙwalwa da laka. A kwantar da yaro a gefe, a naɗe shi gwiwa zuwa ƙirji, a sa siririyar allura a ƙasan baya. Lafiyayyen ruwa garau yake ɗigowa, ɗigo-ɗigo. Na mai sanƙarau yakan fito da sauri, fari-fari, in ka ɗaga kwalbar a gaban takarda ba ka iya karanta rubutun da ke bayanta. Tun kafin ɗakin gwaji ya ce komai ka san an yi artabu. Iyaye da yawa na ƙin wannan gwaji, suna cewa ɗiban ruwan baya na kashe yaro ko ya gurgunta shi. Na fahimci tsoron, domin waɗanda ake yi wa gwajin su ne waɗanda jikinsu ya fi tsanani, in sun rasu sai a ɗora wa allura. Amma ana sa ta ne ƙasa da inda laka ta ƙare, kuma abin da ake ɗiba jiki na mayar da shi cikin sa'a guda. Akwai dai yanayin da mu kanmu muke jinkirta shi, kamar in alamu sun nuna matsi ya yi yawa a kai, sai mu fara magani tukuna.

Kunne kuwa, akwai wata 'yar siririyar hanya da ta haɗa ruwan ƙwaƙwalwa da dodon kunne na can ciki. Ta nan ƙwayar cuta da kumburi ke gangarawa, su lalata ƙwayoyin gashin da ke mayar da sauti saƙon jijiya, kuma waɗannan ba sa sake fitowa. Yakan faru tun a kwanakin farko, wani lokaci kafin a iso asibiti. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cikin masu sanƙarau na bakteriya kusan ɗaya cikin shida na rasuwa, ɗaya cikin biyar kuma na tashi da wata naƙasa, kurumta na cikin waɗanda aka fi gani. Ba zan iya yanke hukunci a kan kunnen 'yarku daga nesa ba, sai an auna. Ku kai ta wurin likitan kunne a gwada kunnuwan biyu, har da wanda kuke ganin lafiyarsa ƙalau, kuma kada a ja lokaci, domin bayan sanƙarau dodon kunne na iya cikewa da ƙashi cikin watanni, abin da ke wahalar da dashen na'urar ji ga wanda zai buƙace ta. A aji a zaunar da ita gaba, kunnen mai ji yana fuskantar malami. Ku sa ido kuma a kan karatunta da halayenta da ko za ta riƙa faɗuwa irin ta farfaɗiya.

Magani da shingen da ya buɗe

Yoyon da ke cutar da marar lafiya shi ne kuma ke ba magani hanya. Fenisilin da seftriyazon, magungunan kashe bakteriya, kaɗan ne ke ƙetare lafiyayyen shinge, amma in ya kumbura suna shiga da yawa. Shi ya sa ake ba da su ta jijiya, da yawan da ya fi na ciwon huhu, kuma ba a rage su don an ga sauƙi, tunda sauƙin na nufin ƙofar ta fara rufuwa. Kafsol daga kemis ba zai kai inda ake bukata ba, sai dai ya ɓata sakamakon gwaji ya ci lokaci.

Tunda rabin ɓarnar daga garkuwa take, me zai hana a kwantar da ita? An gwada. Wani babban gwaji a Turai da aka buga a 2002 ya nuna ba da deksametason, maganin kwantar da kumburi, tare da allurar farko ya rage mutuwa da naƙasa a manya, musamman masu sanƙarau na wata ƙwayar bakteriya mai suna numokokas. Amma da aka yi irinsa a Malawi, a yara a 2002, a manya a 2007, ba a ga amfanin ba. Marasa lafiyar can sun fi isowa a makare, da yawa kuma na ɗauke da ƙanjamau ko tamowa. Abin da na ɗauka daga nan, kuma ya yi daidai da abin da nake gani a wurin aiki, shi ne maganin kwantar da kumburi ihu ne bayan hari in an riga an kwana biyu ana jiƙe-jiƙe a gida. Zazzaɓi mai zafi da ciwon kai da amai da sanƙarewar wuya ko ruɗewa, a ranar ake tafiya asibiti. Jariri kuwa wuyansa ba lallai ya sanƙare ba. Ƙin mama, kuka marar daɗin ji, kumburin maɗiga ko jijjiga sun isa.

Zazzaɓin cizon sauro da ya taɓa ƙwaƙwalwa kan zo da kama da wannan, amma hanyarsa daban. Ƙwayarsa ba ta ƙetare shingen sam. Jajayen ƙwayoyin jinin da ta shiga ne ke manne wa bangon hanyoyin jini ta ciki, su cunkushe su, bangon ya fusata ya fara yoyo. Hoton ƙwaƙwalwa da aka yi wa yara a Malawi, wanda aka buga a 2015, ya nuna kumburin ƙwaƙwalwa ne ya fi bambanta waɗanda suka rasu da waɗanda suka rayu. Ruwan bayan irin wannan yaro garau yake fitowa, kuma wannan na cikin dalilan da ke sa mu nace a kan gwajin, don maganinsa daban ne, wato atesunet, allurar zazzaɓin cizon sauro.

A nan ya kamata in ja maka birki kaɗan kafin ka kai wa ɗalibanka. Magudanan limf da hanyoyin ɓargon kai an tabbatar akwai su a jikin mutum, amma yawancin bayanin yadda suke aiki daga ɓeraye ya fito, kuma masana na ta jayayya a kan yadda ruwa ke wanke cikin ƙwaƙwalwa da rawar da barci ke takawa. Har yanzu babu wani tabbataccen magani a asibiti da aka gina a kan waɗannan sabbin binciken. Duk mai tallar ƙwaya ko garin da zai "wanke ƙwaƙwalwa" ko "ƙarfafa shingenta", kuɗinka yake so.

Abin da ke hannunmu mai aiki shi ne a tare ƙwayar tun tana maƙogwaro da jini, inda garkuwar jiki ke da cikakken ƙarfi. A annobar 1996 sama da mutum 100,000 suka kamu a Najeriya, fiye da 11,000 suka rasu, kuma nau'in A ne. Allurar MenAfriVac, da aka fara a Burkina Faso da Mali da Nijar a ƙarshen 2010, Najeriya kuma a 2011, ta kusan shafe wannan nau'in, domin ba ta tsaya ga kare wanda aka yi wa ba, har zaman ƙwayar a maƙogwaro take hanawa. Sai nau'in C ya taso, a Nijar a 2015, sannan a 2017 a Zamfara da Sakkwato da maƙwabtansu, inda sama da mutum 1,000 suka rasu. A 2024 Najeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da allurar Men5CV, mai kare nau'i biyar, A da C da W da Y da X. In an zo yin ta a garinku a yi wa yarinyar ma, tunda kamuwa da nau'i ɗaya ba ta kare mutum daga sauran.

Ita wannan allurar ba ta shafi numokokas da hemofilus ba, waɗanda su ma suna kawo sanƙarau, musamman a ƙananan yara. Nasu rigakafin yana cikin alluran jarirai na mako 6 da 10 da 14. In akwai mai sikila a gidan a fi kula da katinsa, domin saifa ce ke tace ƙwayoyin cuta masu riga daga jini, kuma tasa takan daina aiki tun yana ƙarami.